Sunan da Babanku Ya Ƙi Ji

Ranar addu'ar babanku ina zaune a ɗaki, na jiyo muryar ɗayanku ta bayan labule, ba zan kama suna ba, ana ba baƙi labari wai marigayi ya samu tafiya Ingila karatu tun zamanin Turawa amma tsoron teku ya hana shi. Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, aka ce Allah ya jiƙansa. Ina cikin takaba a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai har yau. Babanku bai ji tsoron teku ba. Mutumin da ke shiga kwalekwale kogin Kaduna na cike maƙil, yana riƙe da kekensa yana tsokanar mai fito, shi ne ruwa zai tsorata? Shi ya ƙirƙiro zancen tekun da bakinsa don a ƙyale shi da tambaya, ni kuma na taya shi rufewa. Yanzu ba ya nan, ni ma na fi kusa da can a kan nan, saboda haka gara ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta buga takardun da hannunta.

Shekarun nan ne na gab da 'yancin kai, lokacin da ake ta neman 'yan Arewa masu boko su maye guraben Turawa. Muna haya a Unguwar Shanu, ni da babanku da mahaifiyarsa Iya, Bakanuwa mai faɗa da kyauta, duk biyun ba ta yi musu awo. Babanku akawu ne a wani ofishin gwamnati da ke kula da filaye. Ni kuwa 'yar Katsina ce, na ɗan taɓa makarantar 'yan mata kafin aure, ina iya haɗa Turanci ko da ban san ma'anar rabinsa ba. Da ya ga haka sai ya sayo tsohuwar tafireta a gwanjon wani Bature mai komawa gida, ya koya mini bugawa. Iya ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin amaryar da aka sayo wa keken surutu a maimakon keken ɗinki ba. A shekarar ne aka ce akwai gurbin karatu a wata jami'a a Ingila, kuma za a ba akawun da ya rubuta takardar bincike mafi inganci. Wanda ya je ya dawo, ya zama babban ma'aikaci, an gama. Babanku ya sa rai ƙwarai, ni kuwa na fi shi. Har ulu na saya na fara saƙa masa rigar sanyi, ina da cikin fari, wanda ya sani kuwa bai wuce Iya ba.

Abin da ya zaɓa ya bincika shi ne me ke wurin nan kafin Bature ya ja layi ya ce ga gari. Ku da kuka tashi kuka ga Kaduna cike ba za ku gane ba. A lokacin kowa baƙo ne. Bakano ya zo aiki, Basakkwace ya zo fatauci, Bazazzagi ya zo gini, kowa ka tambaya kabarin kakansa yana wani wuri. Littattafan Turawa kuwa abin da suka faɗa a kan wurin bai cika cokali ba: daji ne, akwai kadoji, akwai 'yan ƙauyukan Gwarawa a warwatse. Babanku ya yi ta yawo da keke in an tashi daga ofis, yana dawowa da ƙaiƙayin sauro da takarda fara. Sai wata rana a farkon damina ya dawo fuskarsa kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya ce ya gamu da wani dattijo a Rafin Guza, zaune a kan wani falalen dutse a bakin rafin, kuma tsohon ya san komai.

Ya kuwa sani. Zai ce maka a gindin kanyar can akwai tsohuwar rijiya da aka cike, babanku ya je ya caka sanda ya ji ƙasa ta lotsa. Zai ce filin da Turawa ke buga ƙwallo a kan doki da can maƙera ce, babanku ya tona ya ciro kashin tama. Ya nuna masa inda hanyar fatake ta bi, da inda ake cin kasuwa, da maƙabartar da aka shimfiɗa titi a kanta, har da wanda aka fara binnewa da abin da ya kashe shi. Damina guda babanku yana zuwa wurinsa bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye masa goro, ya rubuta har hannunsa ya gaji. Da safe in ya fita ofis ni kuma in zauna in buga. Ba zan ɓoye muku ba, wani lokacin ina bugawa tsigar jikina na tashi, don tsohon ba ya cewa an ce ko na ji. Cewa yake na gani, ko da abin ya girmi kakan kakana. Na yi wa babanku maganar, ya ce haka tsofaffi suke, in labari ya daɗe a bakinsu sai ya zama nasu.

Da jikin takardar ya kammala sai aka zo kan abin da ku yanzu kuke kira manazarta, jerin nan na ƙarshe inda mai bincike ke faɗin wurin da ya samo kowace magana. Na ga jikokina suna tsaki a kansa, suna cewa aikin banza ne. Babanku kuwa ya fi son wannan shafin a kan duk sauran. Yana cewa nan ne kaɗai boko ya yi kama da karatun zaure, inda malami ba ya buɗe baki sai ya ce na karɓa daga wane, shi kuma daga wane. Kowane littafi yana da ɗan katinsa a cikin kwalin takalmi: sunan marubuci, sunan littafi, garin da aka buga, shekarar bugu. Ni ke jera su bi da bi a kan haruffa, sunan kaka a gaba, na yanka a baya, yadda Turawa ke so. In na buga sunan littafi sai in mai da keken baya in ja masa layi a ƙasa, harafi bayan harafi, in kuma na kuskure waƙafi ɗaya sai a sake shafin duka har da kwafin da ke ƙarƙashin takardar kabon. Bayan littattafai sai sashen mutanen da aka yi hira da su, kowa da sunansa, da shekarunsa, da sana'arsa, da inda yake zaune. Na buga na wani tsohon mai gadin tasha, na buga na wani Bagwari maharbi. Na ɗauko kati na gaba, na ga an rubuta Baba, Rafin Guza, ba komai bayan haka.

Na ce, "Malam, wannan fa? Baba wa?"

Ya karɓi katin ya juya bayansa kamar sunan zai ɓuya a can. Ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kin san ban taɓa tambaya ba?"

To, da wane baki zai tambaya? Ku 'yan yanzu kuna iya tsayawa a gaban mai furfura da biro a hannu ku ce sunanka. Mu ba a haife mu haka ba. Tsoho Baba ne, tsohuwa Iya ce, in kana son sunan yanka sai ka zagaya ka tambayi wani a gefe. Babanku ya ɗauka abu ne mai sauƙi. Ya kai takardar wurin Baturen da ke duba aikin, wani dogo mai kirki da ake kira Mai Lofe, ya yi masa bayani. Baturen ya karanta ya yaba ƙwarai, ya ce bai ga wadda ta kama ƙafarta ba. Amma ya ɗora yatsa a kan gurbin nan ya ce kusan duk takardar a kan wuyan mutum ɗaya take tsaye, kuma masu dubawa a can ba za su karɓi maganar wanda ba shi da suna ba, za su ce marubucin ne ya ƙaga. Ya ce a kawo suna kafin jakar wasiƙu ta tashi a ƙarshen damina, gurbin ya zama na babanku. Baturen ya kasa gane yadda mutum zai zauna da wani wata da watanni bai san sunansa ba.

Babanku ya koma Rafin Guza ya bi ta gefe kamar yadda aka saba. Ya tambayi liman, ya tambayi masu wanki, ya tambayi maƙeri. Kowa ya san tsohon, kowa na gaishe shi, kowa Baba yake ce masa. Da ya rasa yadda zai yi sai ya cire kunya ya durƙusa ya ce Baba, takarda ce ke neman suna. Ya ce tsohon ya dube shi yana murmushi ya ce mai suna ai wanda ake kira ne, shi wa ke kiransa? Daga nan ya shiga labarin wata shekarar fara. Maƙwabcinmu Malam Tanko mahauci da ya ji halin da ake ciki ya ce don wannan ne ake ta da jijiyar wuya? A rubuta nasa mana, ga gemu ga furfura, Bature zai zo ya ƙirga masa haƙora ne? Babanku ya yi masa godiya ya ce ba zai jingina wa mutum maganar da bai faɗa ba.

Iya ce ta kawo dabara, kuma dabara ce mai kyau, ko gobe ba zan ce ta yi laifi ba. Ta ce ku maza ba ku iya tambaya ba. Hanya ɗaya ce ake neman sunan babba a gabansa ba a yi rashin kunya ba, ita ce a ce za a yi masa takwara. Ba tsohon da za a ce za a sa wa jariri sunansa ya ɓoye. Ta ce in ɗauko mayafina. Lokacin cikina ya fito, ba ya ɓoyuwa.

Muka tafi da hantsi, an kwana ana ruwa, rana ta fito fes. Iya ta ce mu fara shiga gidaje, don abin da maza ba su sani ba yana wurin mata. Gidan farko na Sakkwatawa ne. Uwargidan na tankaɗe, ta ce,

"Tsohon ga na bakin rahi? Ai namu na, Basakkwace na, ku ji maganatai. Amma gidan Zagezagin can shika kwana. Mu dai tuwo mukan aika mai."

Muka tsallaka gidan Zagezagin. Matar gidan ta riƙe haɓa.

"A gidan nan? Wa ya faɗa? Mutumin Zazzau ne kam, ko kurma ya ji maganan shi ya sani. Amma a wajen Sakkwatawa yake kwana. Mu ma abinci muke kai mishi."

Haka muka yi ta shiga muna fita. Kowane gida na aika masa abinci, kowane gida na cewa ɗan garinsu ne, kowane gida na nuna wani gidan. Wata ta ce da suka zo suka kafa bukka, ba kowa a wurin sai guzaye, a kan dutsen suka same shi, sai suka ɗauka na waɗanda suka riga su ne. Na tambaye ta wa ya riga su. Ta buɗe baki za ta ba ni amsa, sai ta rufe. Wata kuma ta ce kwanonta kullum yana dawowa a wanke a ƙofar gida, ba ta taɓa ganin mai kawowa ba, kuma sai yau da muka tambaya abin ya ba ta mamaki. Na ja gefen zanen Iya na ce mu koma gida. Ta ce mun zo har bakin ruwa ma koma da ƙishi?

Yana nan a kan dutsen. Tsoho ne kawai, ɗan siriri, da farar riga da ta sha wanki, ba abin tsoro ko ɗaya a fuskarsa. Abin da na lura da shi ɗaya ne. Mu mun yi dumu-dumu da laka har ƙwauri, don ba ta inda za ka kai dutsen nan ba ka ratsa taɓo ba, shi kuwa ƙafafunsa a bushe suke, fari tas kamar na mai jego. Muka durƙusa muka gaishe shi. Iya ta ajiye goro, ta kawo zancen ruwa da na amfanin gona, sannan ta gyara murya.

"Baba, ni ce uwar yaron nan mai keke. Ga matarsa, ka ga halin da take ciki. Muna so in Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji, mu yi maka takwara."

Bai dubi Iya ba, bai dubi fuskata ba. Cikina ya duba, ya daɗe yana dubawa, har na ja mayafi na rufe. Abin da ke ciki ya juya da ƙarfi. Sannan ya yi magana, da irin Hausar ƙauyen kakata wadda rabona da jin ta tun ina yarinya.

"Na amsa. Wallahi na amsa. Na daɗe ina jiran wanda za ya amshe shi, ya yi mani nauyi. Ku ce ma mai keke shi zo ran Juma'a in an sauko, in hwaɗa mashi. Ba a ba mace."

Ban san yadda muka yi sallama ba. Sai da muka hau tudu Iya ta saki numfashi ta ce ashe ma Bakano ne, irin maganar tsofaffin cikin birni sak. Na ce Iya, Bakatsine dai. Ta maimaita mini abin da ta ji, na maimaita mata abin da na ji. Magana ɗaya ce, a lokaci ɗaya, muna durƙushe kafaɗa da kafaɗa, amma kowa da harshen da ya shiga kunnenta. Iya, wadda ban taɓa ganin ta ji tsoron mutum ko dabba ba, ta zauna a gefen hanya ta ɗora hannu a ka.

"Na kashe mu, 'yar nan. Garin neman gira."

Da babanku ya dawo muka zayyana masa. Ya fara da dariya, ya ce mata da camfi, tsoho ne da ya yi yawon duniya ya iya harshen kowa, ya gaji da kaɗaici. Iya ta ce ta ji, amma ya gaya mata wane irin suna ne ke yi wa mai shi nauyi har yana neman wanda zai sauke wa. Ta ce magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, tsohon kuma ya ce ya karɓa a gaban shaidu. In babanku ya ji sunan, dole a sa wa yaron, don alkawari kaya ne. Abu ɗaya ya rage mana, shi ne ba mu san sunan ba, kuma ba a sa wa yaro sunan da ba a sani ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to mu a cikin wannan duhun muka samu wurin fakewa.

Kwanakin da suka rage kafin Juma'ar gidanmu ya zama kamar ba mutane. Ni kaina zuciyata biyu ce, kuma zan faɗa muku gaskiya. In na tuna idon tsohon a kan cikina sai in ji kamar in gudu Katsina a ƙasa. In na dubi rigar sanyin da na kusa gamawa sai in ce suna ne fa kawai, ƙila ma Audu ne ko Garba, mu zauna muna rawar jiki a kan Garba? Babanku ya ci gaba da zuwa ofis kamar kullum. Ranar Juma'a ya yi wanka ya tafi masallaci, ya dawo ya ci abinci, ya fito da keke ya duba iskar taya, ya sa kati da alƙalami a aljihu. Iya na bakin murhu ba ta ɗago ba. Ya tura keken har zaure. Na ji shiru, ban ji ƙarar ƙyaure ba. Can sai ga shi ya dawo ya jingine keken a inda yake kwana.

"Sa takarda a tafireta," ya ce.

Na sa. Ya tsaya a kaina yana faɗa ina bugawa, da Turanci, amma ga abin da yake nufi: Wani dattijo, bakin rafi, Rafin Guza. Sunansa, ban sani ba. Shekarunsa, ban sani ba. Garinsu, ban sani ba. Daga gare shi na karɓi mafi yawan abin da ke cikin wannan takarda. Na tambaye shi a ƙarƙashin wane harafi zan jera mutumin da ba shi da harafi. Ya ce in sa shi a can ƙarshe shi kaɗai. Na ce Malam, kai da ka ce camfi ne?

"Har yanzu ban ce aljani ba ne," ya ce. "Ban kuma ce ba shi ba ne. Abin da ban sani ba na rubuta ban sani ba. Amma ba da ɗana za a yi gwajin ba."

Mai Lofe ya yi iya ƙoƙarinsa, ban riƙe shi da komai ba. Ya ce a cire duk abin da tsohon ya faɗa a aika da sauran, babanku ya ce in an cire sai bango da bango. Ya ce to a bar maganganun a share tsohon daga jerin, a yi kamar marubucin ne ya gano da kansa. Babanku ya ce wannan sata ce, ko daga wa aka yi ta. Aka aika da takardar yadda take, aka dawo da ita da 'yar wasiƙa mai ladabi. Gurbin ya tafi ga wani abokin aikinsa wanda ya rubuta a kan harajin shanu, manazartarsa tsaf ba gurbi ko ɗaya. Kun san shi, kun sha ganin motarsa da tuta. Ta leƙo ta koma ke nan. Na yi fushi da babanku, fushi na gaske, har na warware rigar sanyin na dunƙule ulun na jefa ƙasan adaka. Ban san da wa nake fushin ba, amma shi ne a kusa.

Ban je gida haihuwa ba, don mahaifiyata ta riga ta rasu, gwaggona ce ta zo ta yi mini wanka a nan. Ranar suna da sassafe ina kwance a ɗakin da tagarsa ke kallon ƙofar gida, ina jin maza na taruwa a kan tabarmi, ana raba goro. Na ɗaga labulen tagar kaɗan don in ga ragon. A can gefen tabarma, tsakanin Malam Tanko da wani ɗan ofishin su babanku, na ga farar riga da ta sha wanki. Daga baya na tambaya, mutanen unguwa sun ɗauka cikin dangina yake da suka zo daga Katsina, dangina sun ɗauka ɗan unguwa ne. Liman bai kai ga buɗe baki ba tsohon ya miƙe, ya ratsa mutane a hankali, ya zo ya sunkuya daidai kunnen babanku kamar mai raɗa.

Babanku ya toshe kunnuwansa biyu da yatsu kamar ladan, ya ɗaga murya yana salati. Ban taɓa jin muryarsa ta kai haka ba, kafin ranar ko bayanta. Mutane suka ɗauka farin ciki ne ya ɗebe shi, suka amsa, wuri ya ɗauki salati gaba ɗaya. Ina kallon leɓen tsohon na motsi, na runtse ido don kada in karanta. Iya ce ta fito har zaure ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ƙwala ta ce,

"Mace ce! Baba, mace aka samu!"

Salatin ya lafa. Tsohon ya miƙe tsaye ya dubi tagata, ko da yake na saki labulen sai 'yar kafa.

"Ɗiya ce? To, Allah shi raya. Ba komi. Ina nan."

Ya ɗauki goronsa ya bi ta lungu. Babanku bai sake taka Rafin Guza ba har ya bar duniya, ni ma haka, kuma ban taɓa tambayar kowa ko dutsen na nan ba.

Mutane sun yi masa dariya da labarin ya ɗan fita, suka ce ya saki Ingila a kan ɗa namiji, sai ga mace. Shi ya sa ya koma cewa teku yake tsoro, don ya fi sauƙin ji. Amma abin bai ƙare ranar ba, kuma wannan ne ban taɓa gaya muku ba. Alkawarin namiji aka yi, ba a ce wane ciki ba. Iya ce ta fara hango abin da ya hana mu sakewa: tunda ba mu san sunan ba, duk sunan da muka ɗauko muka sa wa ɗa namiji yana iya zama shi ne. Ko Muhammadu, ko sunan mahaifin babanku, ba wanda za mu rantse ba shi ba ne. Saboda haka duk lokacin da na samu ciki sai babanku ya rame tare da ni. Ranar haihuwa yana zaure ya kasa zaune ya kasa tsaye, har ungozoma ta leƙo.

Ku duka mata Allah ya ba mu, ɗaya bayan ɗaya. Na san abin da dangi suka riƙa faɗa a gabanku, ana yi masa jaje a fakaice, ana cewa Allah ya kawo magaji. Na kuma san kun girma kuna zaton murnar da yake yi ta dole ce, irin ta mutumin kirki mai haɗiye baƙin cikinsa don kada 'ya'yansa su gani. Autarku ta taɓa tambayata ko Baba ya so a ce ita namiji ce, na ce mata ta tashi ta ba ni wuri. Ga amsar yau. Ni na ga fuskarsa kowane karo. In ungozoma ta ce mace ce, sai ya kai goshi ƙasa a nan cikin zaure, ya daɗe bai ɗago ba. Ya yi ritaya yana akawu, a kan kujerar da ya fara zama, waɗanda ya koya wa aiki suna sa hannu a takardar hutunsa. Na taɓa tambayarsa, muna tsofaffi, ko yana da-na-sani. Lokacin kuna tsakar gida ku duka da 'ya'yanku, ana ta hayaniyar rabon naman layya. Ya saurara kaɗan, ya ce,

"Ji can. Duk wanda ke cikin gidan nan na san sunansa, na kuma san inda na samo shi."